Kifi Arba'in na Eskil

Kwana uku ke nan da buɗe kamun sarki, kuma Eskil Moen bai ji muryar ɗan Adam ba sai ta rediyon oba-oba. Sarki shi ne babban kifin salmon, wanda saboda shi kowa a garin masunta na Sitka yake jure sanyin shekara. A wannan Yuli hukuma kwana shida kacal ta bayar, don haka tun ana gobe jirage suka watse, kowa ya nufi inda zuciyarsa ta ba shi. Yawancinsu sun yi waje, can bakin Tsauni inda teku take buɗe. Eskil kuwa ya shige Lungun Hankaka, ya yi ta zagaye shi kaɗai tsakanin duwatsu da itatuwa.

Ba son ransa ba ne. A bakin Tsauni jirgi arba'in ne ke bin layi ɗaya, kowa da sandunansa a buɗe, ga igiyar ruwa tana ɗaga mutum tana dire shi. Wurin yana son mutum biyu, ɗaya a sitiyari ɗaya a baya wajen ƙugiyoyi. Shekara talatin da takwas matarsa Sigrun ce a sitiyarinsa. An binne ta a watan Nuwamba.

Aikin dai bai canza ba don wani ya mutu. Da asuba ya sauke dogayen sanduna biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ya saki wayoyi huɗu, kowace da dunƙulen dalma a ƙarshenta mai jan ta ƙasa. A jikin kowace waya yakan maƙala zaruruwa, kowane zare da cokalinsa, wato ɗan faifan tagulla mai ƙugiya da ke wulƙawa a ruwa kamar ƙaramin kifi. Sai jirgi ya yi ta tafiyar hawainiya, shi kuma ya tsaya a ramin baya, wurin tsayuwar mai kula da ƙugiyoyi, yana sauraron ƙararrawar da ke kan sanduna. In sarki ya kama, ƙararrawa ce ke fara faɗa. A kwana ukun nan ta yi magana sau takwas, biyu daga ciki yau da safe.

Da can, in shiru ya yi yawa, Sigrun takan leƙo ta tagar baya ta ce masa kifin sun ji warin safarsa ne suka gudu. Yanzu wata na'ura ce ke riƙe masa sitiyari. Tana riƙewa daidai, ba ta kuskure, ba ta kuma leƙowa.

Abin da ya rage masa a duniya shi ne ƙarfe goma sha biyu na rana.

Masunta irin namu ba sa gaya wa kowa inda kifi yake. Ka tambayi mutum a bakin tasha, ko jirginsa na nutsewa don nauyi, zai ce maka ai bana sai haƙuri. Amma kowa yana da abokan lamba, mutum huɗu ko biyar da suka yi alkawari tsakaninsu. Kullum da tsakar rana sukan gaya wa juna abin da suka kama, don wanda ke jan ƙugiya a ruwan banza ya san inda zai nufa. Da yake duk wani mai rediyo yana kasa kunne, ba a faɗar lamba a fili. Kowace bazara a rubuta takarda, kowace magana da adadin da take nufi, a manna a saman sitiyari. Doka ɗaya ce a cikin abin: ba ka ragewa, ba ka ƙarawa. Ka yi wa mai sayen kifi ƙarya, ka yi wa surukinka, amma abokin lamba a'a.

Su shida ne a da. Biyu sun mutu, ɗaya ya sayar da jirgi ya koma wurin 'yarsa a kudu, ɗaya kuma ƙwaƙwalwa ta juye masa har ba ya gane matarsa. Saura Eskil da Wendell Kuusi, mai koren jirgi, wanda har yanzu matarsa Lorna ke riƙe masa sitiyari.

Sha biyu daidai rediyo ya yi tari.

"Eskil, Eskil. Kana raye?"

"Ina nan, tsohon banza. Kai ake ji wa tsoro."

"Lorna ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci."

"Ce mata ina ci."

"Ta ce ƙarya kake yi."

"Ce mata ta kula da sitiyari, kada ta kai ka kan dutse."

Wendell ya yi dariyarsa mai kama da injin da ya ƙi tashi. Sai ya gyara murya, aka zo kan abin da ya tara su.

"To, ni dai yau gwiwar dama ce ke damuna."

Eskil ya ɗaga kai ya dubi takarda, ko da yake ya haddace ta. Gwiwar dama, ashirin zuwa ashirin da biyar. Wendell yana kan kifi a bakin Tsauni, ba wai na a zo a gani ba, amma mai kyau, irin wanda mai hankali ba ya barinsa.

"Kai fa?" in ji Wendell.

Amsarsa tana layin farko: murhu ya ƙi kamawa, wato ƙasa da biyar. Ita ya faɗa jiya, ita ya faɗa shekaranjiya. Ya san abin da zai biyo baya. Wendell zai ce sai haƙuri, ya ce a gwada jan cokali, ya ce sai gobe, rediyo ya mutu. Daga nan sai ƙugin inji har wata sha biyun. Ta bayan muryar Wendell yana jiyo ƙarar cokali a kofi, yana jin Lorna tana faɗa da wani abu da ya zube. Ɗakin jirgin nan nasu ƙarami ne, ya san shi, ya san inda ake zama da inda ake rataye rigar ruwa. Kewa ta kama shi, irin wadda tun ranar jana'iza ba ta yi masa haka ba.

Idonsa ya sauka layin ƙarshe na takardar.

"Ni kuwa," ya ce, "na ga tsohuwar safata."

Arba'in ko fiye kafin tsakar rana. Bar duk abin da kake yi ka taho. A shekara talatin da ɗaya na abotarsu, sau huɗu aka taɓa faɗar layin ƙarshe.

A can ɓangaren, ƙarar cokalin ta tsaya.

"Madalla," in ji Wendell, muryarsa a sake kamar an ce masa za a yi yayyafi, don ba a nuna zumuɗi inda kunnuwa suke. "Kana nan inda ka kwana?"

"Ina nan."

"To, a wanke ta da kyau. Sai an jima."

Eskil ya rataye abin magana. Ya daɗe tsaye yana kallon hannunsa.

Daga bakin Tsauni zuwa Lungun Hankaka tafiyar awa bakwai ce ga koren jirgi. Yanzu haka, ya sani, Wendell yana naɗe wayoyinsa daga cikin kifi masu ci, Lorna tana juya kan jirgi, sauran masunta suna kallonsu suna mamaki. Ya miƙa hannu ga rediyo. In ya kira yanzu ya ce ya yi kuskuren layi, asarar ba ta wuce rabin awa ba. Sai wani tunani ya zo masa, irin wanda ke zo wa duk mai ƙarya: ai akwai awa bakwai. Teku ce. In sarki ya shigo lungun nan da cikowar ruwa, wa zai tsaya tambayar ko da safe aka kama ko da yamma?

Ya koma ramin baya ya kama aiki kamar saurayi. Ya naɗo waya ta farko, ya cire cokulan tagulla duka, ya sa farare. Ya goge kowanne da tsumma har yana ganin gemunsa a ciki. Ya sauke dalma daga gaba ashirin zuwa gaba talatin. Ya ƙara wa inji wuta kaɗan, da bai ga komai ba ya rage. Ya fito da wani tsohon cokali rabi ja rabi fari, wanda ya lanƙwasa da hannunsa tun yana da baƙin gashi, ya ɗaura masa sabon zare. Ya bi gefen dutsen ƙarƙashin ruwa kurkusa, kusa fiye da yadda Sigrun za ta taɓa yarda, har dalmar hagu ta maƙale. Sanda ta lanƙwashe, waya ta tsinke, dalma da cokula shida suka tafi ƙasa.

Wajen ƙarfe uku ƙararrawar dama ta kaɗa. Sarki ne, mai kyau, ya jawo shi, ya buge kansa, ya ɗago shi da ƙugiyar hannu. Ya tsaya yana jiran 'yan'uwansa. Bayan awa guda wani ya kama, ƙarami, bai kai tsawon da doka ta yarda ba. Ya zare masa ƙugiya ya sake shi.

Sau biyu ya sake shiga ɗaki ya ɗauki abin magana. Na biyun har ya danna. Amma a lokacin sun riga sun ci fiye da rabin hanya, kuma, a faɗi gaskiya, ba ya so su juya.

Ƙarfe biyar ya haƙura. Ya naɗe wayoyi, ya ɗaga sanduna, ya shiga ƙuryar lungu ya jefa anga. A nan ne fa ya yi abin da har yau in na tuna ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Tsoron ya ɗan lafa, murna ta taso ta rufe shi: baƙi za su zo. Ya ɗebi ruwa ya wanke bayan jirgi tas, ya goge har kan ƙusoshi. Ya kwaɓa fulawa ya sa burodi a murhu. Ya ciro naman barewar da ya ɓoye cikin ƙanƙara, ya yanka da dankali da albasa ya ɗora. Ya dubi ɗan madubin da ke bayan ƙofa, ya ga fuskar da ta yi kwana goma ba reza, ya dafa ruwa ya yi aski. Ya sa rigar ulu mai tsabta. Ya jera faranti uku a tebur, ya dawo ya gyara zamansu.

Mutumin da ya shekara hamsin a ruwa ke nan. Ko yaron da ya yi bazara ɗaya a jirgi ya san yadda mai kifi arba'in yake kwana: jini har gwiwar hannu, baya a sunkuye yana fiɗa yana cusa ƙanƙara a cikin kowane kifi, abincinsa biskit a tsaye.

Bakwai da rabi, rana tana nan sama kamar la'asar, don a can ba ta saurin faɗuwa a watan Yuli, koren jirgi ya kunno kai ta bakin lungu. Eskil ya fito ya tsaya riƙe da igiya. Lorna ce ta kawo jirgin gefensa a hankali, Wendell ya cafe igiyar ya ɗaure. Ƙato ne, gwiwarsa kuma da gaske ba ta da lafiya, amma ya ƙetaro kamar ba shi ba.

"Kai, mutumina, ashe kana da sauran amfani," ya ce, yana dukan kafaɗar Eskil. "Wane cokali? Gaba nawa? Ta gefen dutse ne ko tsakiya? Na ce wa Lorna, tsohon nan da ya laɓe a lungu ya san abin da ya taka."

"Ku shigo tukuna," in ji Eskil. "Abinci ya nuna."

"Abinci? Bar abinci. Ƙanƙararka za ta isa kuwa? In ba ta isa ba ina da saura."

Lorna ta kashe inji ta fito. 'Yar ƙaramar mace ce mai furfura, ba ta cika gaggawar magana ba. Ba ta dubi Eskil ba da farko. Sama ta duba, ta dubi ruwan da ke bayan jirginsa. Jirgin da aka yi fiɗa a cikinsa, fararen tsuntsayen teku ba sa barinsa sai duhu, suna ihu suna faɗa a kan kayan ciki. A nan guda ɗaya ce tak a kan wani dutse, tana gyangyaɗi. Sannan ta dubi katakon da ke ƙyalli, ta shaƙi ƙamshin burodi, ta kai idonta kan haɓarsa.

"Wendell," ta ce a hankali, "ya yi aski."

"To sai me? Ai gara, da ya yi kama da..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi fuskar, ya dubi rigar, ya dubi hannuwan. Sai ya juya, ya taka zuwa tsakiyar jirgi yana ɗingishi, ya durƙusa da ƙyar ya ɗaga murfin rumbun ƙanƙara. Ya daɗe yana leƙe. Kifi tara ne a kwance, na kwana uku, ƙanƙara fara fat ta kewaye su ba a ko taɓa ta ba.

Ya mayar da murfin, ya daidaita shi sosai kamar wannan ne aikin da ya kawo shi.

"Ka sayar wa jirgin saye ne da rana?" ya tambaya, bai juyo ba. Ƙofa ce ya buɗe masa, kowa ya gane.

"A'a," in ji Eskil.

"Kuskuren layi ka yi?"

"A'a."

Ruwa yana ɗan bugun tsakanin jiragen biyu. Sai Lorna ta ce:

"Naman nan zai kama tukunya. Ku shige mu ci."

Suka zauna su uku a ɗan teburin, gwiwa na gugar gwiwa. Lorna ta zauna inda Sigrun take zama, don babu wani wurin. Ta yanka burodi, ta zuba wa kowa. Abin da Eskil ya yi ƙarya dominsa ke nan, ga shi ya samu: tururin abinci, motsin cokula, numfashin mutane a ɗakinsa. Shi kuwa sai juya cokali yake yi a faranti.

"Gishiri ya yi daidai," in ji Lorna.

Wendell ya cinye farantinsa tas, don shi ko a gidan makoki ba ya wasa da abinci. Ya goge bakinsa, ya tura farantin gaba.

"Ashirin da uku na kama, na baro kifi suna ci," ya ce. "Yau ta tafi. Kafin in koma in sami wuri a layi, rabin gobe ta tafi. Cikin kwana shida."

"Na sani."

"Ka sani. To me ya sa, Eskil?"

Eskil ya dubi tagar baya. "Shiru ne ya yi mini yawa."

"Shiru." Wendell ya jinjina kai. "Ba sai ka ce in zo ba? Baki gare ka. Ka ce, Wendell, zo, ina son ganin mummunar fuskarka."

"Da ka zo?"

Wendell ya girgiza kai. Mutum ne da bai iya ƙarya ba, abin da ya sa aka yi abotar lamba da shi tun farko ke nan.

"A'a," ya ce. "Ba a tsakiyar kamun sarki ba."

"To ka gani."

"Na gani. Ban ce ban gane ba." Ya murza gwiwarsa. "Sigrun ƙanwa ce a wurina, ka sani. In da ni ne a ramin nan ni kaɗai, ban san abin da zan yi ba. Amma ka ga, gobe in ka ce mini biyar, zan tsaya ina tunani. In ka ce hamsin, zan tsaya ina tunani. Lambar da sai an yi tunani a kanta ba ta da amfani."

"Wendell," in ji Lorna.

"Bari in gama, Lorna. Ba fushi nake yi ba. Na yi, ya wuce tun ina kan murfin can." Ya dubi Eskil ido cikin ido. "Zan riƙa kiranka sha biyu kamar kullum, mu gaisa, in ji kana raye. Gidana gidanka ne, in an rufe kamu ka zo ka yi wata in kana so. Amma takarda ta ƙare. Kada ka ba ni lamba, ni ma ba zan ba ka ba."

Eskil ya gyaɗa kai. Ya so a ce zaginsa aka yi.

"Ka biyo mu waje mana," in ji Lorna. "Ka riƙa bin bayanmu, ina ganinka ta taga."

"Mutum ɗaya a bakin Tsauni? In shiga wayoyin mutane, a yi ta zagina a rediyo?" Ya yi ɗan murmushi. "Bar ni a nan, Lorna. Nan na iya."

Ba su kwana ba. In suna son asuba ta same su kusa da kifi, dole su kama hanya tun da sauran haske. Lorna ta wanke faranti duk da ya hana ta, ta naɗe rabin burodin a tsumma ta ce na hanya ne. Da za ta ƙetara ta riƙe hannunsa da nata biyu, ta ce ya riƙa cin abinci. Wendell ya kwance igiya ya jefo masa. Koren jirgi ya juya, ya yi ta ƙanƙancewa har dutsen bakin lungu ya rufe shi.

Washegari ƙararrawa ta kaɗa sau biyar kafin tsakar rana, duk a kan tsohon cokalin nan rabi ja rabi fari. Sha biyu saura minti goma ya shiga ɗaki ya zauna. Sha biyu daidai rediyo ya yi tari, ransa ya yi sanyi.

"Eskil, Eskil."

"Ina ji, Wendell. Kun isa lafiya?"

"Lafiya lau. Yaya ruwa a wajenka?"

"Kwance yake. 'Yar iska daga kudu."

"Nan ma haka."

A nan ne Wendell yakan gyara murya. Eskil ya riƙe abin magana yana lalube a ransa. Biyar ɗin nan suna bakinsa, da labarin cokalin, da zurfin da suka kama, ba damar ko ɗaya. Ya nemi wani abin daban da zai ce wa mutumin da ya sani shekara talatin da ɗaya, ya rasa. Duk zagin da barkwancin da suke yi, ashe hanya ce ta zuwa wurin lamba. Daga can ɓangaren ma ya ji Wendell yana numfashi, yana nasa laluben.

"Lorna tana gaishe ka."

"Ina amsawa."

"To."

"To."

Ya dubi agogo. Ba su cika minti ɗaya ba.

Rana ta biyar Wendell ya kira sha biyu da kwata, ya ce aiki ne ya riƙe shi, suka yi maganar hazo. Ranar ƙarshe Eskil ya shiga ɗaki tun sha ɗaya da rabi, ya zuba kofi, ya ƙara muryar rediyo. Yana nan zaune har ƙarfe ɗaya ta wuce, wayoyinsa suna ja a ruwa ba mai duba su.